Kumburin Bayan Cire Haƙori: Wanda Ake Jira Ya Saɓe da Wanda Ba a Kwana da Shi

Lokacin girbin riɗi ne Baffana, ƙanen mahaifina, ya je kasuwa ya dawo da tsumma a baki. Turminsa na ƙasa, na can ƙurya a hagu, ya fi wata yana hana shi barci. Da ya ga wani mai cire haƙori ya baza kayansa a gindin darbejiya, sai ya zauna ya ce a raba shi da shi. Washegari ya fita gona, domin riɗi in ya nuna ba ya jiran mai ciwo, ana jinkiri zai fara zubewa a ƙasa. Da kuncin ya ɗaga, matarsa ta dafa ruwa ta gasa masa da tsumma, ta bi da man zafi. Aka aiki yaro kemis ya haɗo ƙwayoyi a leda. Ni ina wurin aiki a ƙaramin asibitin wani gari, labari bai iske ni ba sai bayan kwana 4.

Na same shi zaune a tabarma, ya dafa gwiwoyi ya miƙa wuya gaba, yawu na ɗiga a wani ƙyalle da ya shimfiɗa a cinya. Na durƙusa na ce, "Baffa, sannu. Ba ku ɗan kwanta kun huta ba?" Muryar da ta amsa ba tasa ba ce, ta yi nauyi kamar ta wanda ya cika baki da tuwo. Ya ce, "Ɗana, in na kwanta numfashin ne ke tsayawa." Na kai hannu ƙarƙashin haɓarsa, na ji wurin ya yi tauri kamar katako tun daga hagu har dama. Na ce ya buɗe baki, yatsa ɗaya ma da ƙyar ya shiga. A daren muka nemo mota muka nufi Kano. A can aka tsaga ƙasan muƙamuƙin aka fitar da mugunya, hoto ya nuna guntun saiwar haƙorin na nan maƙale a ƙashi, aka kuma gano yana da ciwon suga da bai taɓa sanin yana da shi ba. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma sai da ya yi kusan mako 2 a gadon asibiti.

Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne babu wanda ya yi sakaci da shi a gidan nan. Kowa ya ga kumburin, kowa kuma ya ce, "Ai dole ya kumbura, haƙori fa aka cire." Gaskiya suka faɗa, kuma a nan wahalar take. Kumburin da ke nuna jiki na gyara kansa da wanda ke nuna ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama, a kwana 2 na farko kusan kamarsu ɗaya. Abin da ke raba su lissafin kwanaki ne, da kuma inda kumburin ya dosa. Wanda ya iya waɗannan biyun, ko a ƙauyen da ba likita yake, zai san ranar haƙuri da ranar neman mota.

Cire haƙori rauni ne, kuma har ƙashi yake kaiwa. Duk inda jiki ya ji rauni yakan turo jini da ruwa wurin, tare da ƙwayoyin da ke gadi da masu gyara, shi ne ake gani a matsayin kumburi. Yana farawa a hankali, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 48 zuwa 72, sannan ya juya ya fara sauka. A ce ran Litinin aka cire. Talata kunci ya ɗaga, Laraba ya fi na Talata, wannan duk daidai ne, kada hankalin kowa ya tashi. Alhamis ya kamata ya tsaya ko ya fara saɓewa. Juma'a kuwa dole duk wanda ya dube ka ya ce ya ragu. Zuwa Litinin ta gaba yawanci fuska ta koma yadda take. Haƙorin gaba da ya fita salin-alin sau da yawa ba ya ma kumbura. Turmin ƙarshe, wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, shi ne mai kumburi sosai, musamman na ƙasa idan sai da aka tsaga dasashi ko aka rage ƙashi kafin ya fito. Irin wannan kumburi na lafiya yana da ɗan laushi in an taɓa, yana nan kusa da inda aka yi aikin, ciwonsa yana jin magani, kuma kullum gobe ta fi yau sauƙi da zarar an wuce kwana 3.

Tunda ido yana yaudarar mutum a kan abin da yake gani kullum, ina ba masu jinya shawara su ɗauki hoton fuskar da waya kowace safiya, a wuri ɗaya, da haske iri ɗaya. In babu wayar, a zagaye gefen kumburin da biro. Gobe in ya tsallake layin, an samu amsa ba tare da gardama ba.

A cikin ramin da haƙori ya bari, jini ke taruwa ya daskare ya zama guda. Wannan gudan jinin shi ne murfin ƙashi, a ƙarƙashinsa ne sabon nama ke tsirowa. Duk dokokin da ake jera wa mutum bayan cirewa, manufarsu ɗaya ce: kada murfin nan ya fita. Shi ya sa ake cewa a cije audugar da aka sa na minti 30 zuwa 45 ba tare da ana cirewa ana leƙawa ba. Shi ya sa ake hana tofar da yawu da ƙarfi, da kurkure baki, da zuƙar taba a awa 24 na farko, tabar ma gwamma a bar ta kwanaki. Akwai wanda ba a cika ambata ba amma na ga yana ɓata aiki: tsotsar ruwan leda. Yadda ake huda gefen ledar a zuƙa, haka ake zuƙo gudan jinin daga raminsa. A juye a kofi a kurɓa. Haka rake, haka tsotsar mangwaro. Jinin da ke ɗan garwayuwa da yawu a ranar farko ba abin tsoro ba ne, ɗigo kaɗan ke rina yawu mai yawa. Idan ya ƙi tsayawa, a naɗe ƙyalle mai tsabta, ko a jiƙa jakar ganyen shayi irin ta Lipton, a ɗora a kan ramin a cije sosai na minti 30 ana zaune. In har baki na ci gaba da cika da jini bayan an yi haka sau biyu, a koma wurin da aka cire.

Tambayar da ta fi zuwa mini daga dattawa ita ce ta alwala. Mutum zai yi salla sau biyar, an kuma ce kada ya kurkure baki. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kurkurar baki da shaƙa ruwa sunnoni ne na alwala, ba sa cikin farillai, don haka wanda ya bar su a ranar farko saboda rauni alwalarsa ta yi. Wanda ransa bai kwanta ba, ya sa ruwan a baki ya sunkuyar da kai ya bar shi ya zubo da kansa, ban da wasa da shi a kumatu. Wanda aka cire wa turmin sama ya ƙara kiyaye fyace hanci da ƙarfi na wasu kwanaki, domin saiwoyin waɗannan haƙoran suna dab da wani kogo da ke cikin ƙashin kunci wanda ya haɗu da hanci, wani lokaci ɗan siririn ƙashi ne kawai ya raba su. Idan aka sha ruwa aka ji yana fitowa ta hanci, ƙofa ta buɗe tsakaninsu ke nan, likitan haƙori ne zai rufe ta.

Bayan awa 24 ne ruwan gishiri ke shigowa. Rabin cokalin shayi na gishiri a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa aka bari ya koma ɗumi, a riƙe a baki a hankali a zubar, sau 3 ko 4 a rana, musamman bayan cin abinci, har mako guda. Sauran haƙora a ci gaba da goge su da burushi ko asuwaki, a dai kauce wa ramin. Abinci kuwa mai laushi wanda ya huce: kunu, koko, fura da nono da aka dama sosai, ƙwai, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa ba yaji da yawa. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dambu, gasasshiyar masara da goro su jira, ɓarɓashinsu ramin yake nufa.

Sai maganar gashi, wadda nake so mata su ji da kyau, don su ne ke ɗawainiyar jinya. Mun taso mun ga duk abin da ya kumbura ruwan zafi ake kai masa. A ranar farko da ta biyu bayan cire haƙori, zafi yana buɗe hanyoyin jini, ya ƙara kumburi, ya kuma iya tayar da zubar jini. Sanyi ake so. In ana samun ƙanƙara wajen masu sayar da ruwa, a naɗe ta a ƙyalle a ɗora a kunci minti 15 zuwa 20, a ɗauke na kamar haka, a sake. In babu, tsumma mai tsabta da ruwan randa ma yana rage wani abu. A kwanta da matashi biyu, kai sama da ƙirji. A bar gona, da ɗaukar kaya, da sunkuyo a rana na kwana 2 ko 3, duk da na san faɗar wannan ga manomi a lokacin kaka ya fi aikata shi sauƙi. Ɗumi kaɗan yana da amfani daga baya, idan kumburi ya riga ya fara sauka kuma muƙamuƙi ya yi tsami. Amma kumburin da ke hawa, mai zafi, mai tauri, gasa shi ba ya warkar da shi, sai dai ya cinye lokacin da ya kamata a ce ana kan hanya.

Akwai wani hali na tsakiya da ke rikita mutane, wanda likitocin haƙori ke kira busasshen rami. Mutum ya yi kwana 2 yana samun sauƙi, sai a na 3 ko na 4 wani irin ciwo ya taso mai zugi, ya bi muƙamuƙi har kunne da gefen kai, baki ya yi wari da ɗanɗano marar daɗi. In an haska ramin sai a ga wayam, babu gudan jinin, wani lokaci har farin ƙashi ake hangowa. Murfin ne ya fita ko ya narke, ƙashi ya zauna a buɗe, iska da abinci na taɓa shi. A cirewa ta yau da kullum ba ya wuce mutum 5 cikin 100, amma a turmin ƙarshe na ƙasa ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma ya fi kama masu shan taba da matan da ke shan ƙwayar tsarin iyali. Ciwonsa na iya sa babban mutum hawaye, sai dai yawanci ba ya zuwa da zazzaɓi ko kumburin da ke ƙaruwa, kuma ba kafson kashe ƙwayoyin cuta ne maganinsa ba. Abin da likita ke yi shi ne ya wanke ramin, ya sa wani ɗan magani a ciki, sau da yawa kafin mutum ya iso gida ya ji sauƙi. Yawancin irin wannan maganin yana ɗauke da sinadarin da ke cikin kanumfari, wanda kakanninmu suka daɗe suna ɗorawa a haƙori mai ciwo, don haka ba su yi kuskure ba da suka gane yana kashe zugi. Amma dakakken kanumfari na kicin da za a cusa a buɗaɗɗen rami wani abu ne daban, yana ƙona nama, yana kuma barin datti a ciki.

A nan zan ja kunne kan wani abu. Bayan 'yan kwanaki, ramin da ke warkewa lafiya lau yakan yi wani fari-fari ko ruwan ɗorawa a samansa. Mutane da yawa sukan ɗauka mugunya ce ko ragowar abinci, su sa tsinken sakace su kankare. Sabon nama ne ke shimfiɗuwa. In babu ciwo mai ƙaruwa, babu wari, a ƙyale shi. Dasashi kan rufe cikin 'yan makonni, ƙashin da ke ƙasa kuwa watanni yake ɗauka kafin ya cike.

To, yaya ake gane ƙwayoyin cuta sun shiga? Alamar farko ita ce wadda na fara da ita: an wuce kwana 3 kumburi na ci gaba da hawa, ko kuma ya sauka sai ya sake dawowa. Fatar wurin ta yi zafi, ta yi ƙyalli, ta yi tauri. Ciwon da Panadol ke kwantarwa jiya yau ya ƙi ji. Mugunya na tsattsafowa daga ramin, ana jin ɗacinta a baki. Kaluluwa ta fito a wuya. Zazzaɓi ya kai digiri 38 ko ya wuce, da rawar sanyi da kasala. Ga kuma baki da ke ta ƙara rufewa. Lafiyayyen babba yatsunsa uku a jere suna shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Ɗan ƙagewa bayan cire turmi ba baƙon abu ba ne, amma ya kamata kullum ya riƙa sakewa. Idan jiya yatsa biyu ne yau ɗaya, cutar ta kai ga tsokokin tauna. Duk wanda ya ga waɗannan, yau zai je asibiti, ba ran kasuwa mai zuwa ba.

Zazzaɓin nan yana da tarko a ƙasarmu. Da damina da kaka duk wanda jikinsa ya yi zafi maleriya ake cewa, in aka yi gwajin yatsa ma sau da yawa sai a same ta, tunda lokacinta ne. Sai a ba da maganin maleriya a sallami mutum, haƙorin kuwa ba wanda ya tambaya. Samun maleriya a jini bai wanke haƙori daga zargi ba, ana iya samun biyun a jiki ɗaya. Mai zazzaɓi ya faɗa da bakinsa cewa an cire masa haƙori kwana kaza da suka wuce, ko ba a tambaye shi ba.

Inda kumburin ya dosa shi ne abin da ya fi komai muhimmanci. Tsakanin tsokokin fuska da wuya akwai wasu sarari masu laushi da suka haɗu da juna, mugunya na bin su kamar yadda ruwa ke bin kwari. Saiwoyin turame biyu na ƙarshe a ƙasa sun zarce wurin da tsokar ƙarƙashin harshe ta kama ƙashi, don haka cutar da ta taso daga gare su kai tsaye take faɗawa ƙarƙashin muƙamuƙi. Idan ta cika ɓangarorin biyu, ƙasan baki ya kumbura, harshe ya tashi sama ya koma baya, sai ya fara toshe hanyar iska. Wani likita Bajamushe, Wilhelm Friedrich von Ludwig, shi ya bayyana wannan ciwo a 1836, har yau da sunansa likitoci ke kiransa. Kafin a samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, fiye da rabin waɗanda ya kama ba sa tashi. Yanzu mafi yawa suna tsira, amma da sharaɗin an isa da wuri, domin cikin awoyi yake ci, ba kwanaki ba. Shi ne abin da na tarar a jikin Baffa. Alamominsa ba sa ɓuya: haɗiya ta gagara har yawu na zuba, murya ta sauya, harshe ya tasa, ƙasan haɓa ya yi tauri, mutum ya kasa kwanciya rigingine, numfashi ya fara ƙara. Ko ɗaya daga cikinsu aka gani da tsakar dare, da tsakar daren za a tafi.

Cututtukan haƙoran sama kuma ido suke nufa. Mutanenmu na cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido, har wasu su gwammace su zauna da ruɓaɓɓen haƙori shekara da shekaru. Cirewar ba ta makantar da kowa. Abin da ke da haɗari shi ne cutar da ta taso daga haƙoran sama, kamar fiƙa, ta haura gefen hanci, fatar ido ta kumbura har ido ya rufe. Jijiyoyin jinin wannan yanki suna da hanyar da ta shiga cikin ƙoƙon kai, shi ya sa kumburin da ya kai ido, ko ya zo da matsanancin ciwon kai, ko gani biyu-biyu, ba a jinkirta shi. Ruɓaɓɓen haƙorin da aka ƙi cirewa saboda tsoron ido shi ne ma ya fi kusa da jawo hakan.

Bari mu buɗe ledar kemis. Ban zargi mai zuwa kemis ba, kemis ne a kusa, shi ne ke ba da bashi, shi ne a buɗe da dare. Amma a san iyakar abin da ƙwaya za ta iya. Don ciwo, farasitamol ya isa ga yawancin mutane: babba ya sha ƙwaya 2 masu miligiram 500 duk bayan awa 6, kada ya wuce 8 a awa 24, don fiye da haka hanta yake ci. Ibufurofen yana taimakawa ga ciwo da kumburi, ana iya haɗa shi da farasitamol, a sha bayan an ci abinci, amma ban da mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu. Ibufurofen da diklofenak dangi ɗaya ne, ba a shan su tare, ga shi kuwa a cikin haɗin kemis sau da yawa za ka same su gefe da gefe. Asfirin yana hana jini daskarewa, ba a neme shi a nan ba, sai wanda likita ya riga ya ɗora a kansa. Wani haɗin har da deksametason a ciki, wanda zai sa kumburi ya lafa a ido, mutum ya ɗauka ya warke, alhali ya rage wa jiki ƙarfin faɗa da cuta, ya kuma tayar da suga.

Kafso kuwa, ba kowace cirewa ce ke buƙatarsa ba. Lafiyayyen mutum da aka cire wa haƙori cikin tsabta, ramin kan warke da kansa. Idan cuta ta shiga, abin da likitoci suka fi rubutawa shi ne amoksisilin, wani lokaci tare da metronidazol da aka fi sani da Flagyl, a sha a kan lokaci har iya kwanakin da aka faɗa. Wanda fenisilin ya taɓa yi wa ƙuraje ko kumburin fuska ya faɗa tun kafin a rubuta, don amoksisilin ɗan gidansu ne. Kafso 3 ko 4 da ake saye gwargwadon kuɗin aljihu ba sa kashe cutar, sai dai su koya mata jure magani. Wani abin da nake so a riƙe shi ne, da zarar mugunya ta taru wuri ɗaya, jini ba ya ratsa cikinta, maganin da aka sha kuwa a cikin jini yake tafiya. Dole a buɗe mata hanya ta fita, in akwai guntun saiwa a ciro shi. Baffa ya sha kafso, kafson bai iya ciro saiwar da ke cikin ƙashinsa ba.

Abubuwan da ake zubawa a ramin kuwa, na ga iri-iri: garin kafso da aka fasa, asfirin da aka danna a dasashi har wurin ya yi fari ya saluɓe, taba gari, kanwa, alif, man fetur, har ruwan batir. Wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci ba zai yi mamakin mai yin haka ba, amma duk ƙona nama suke yi, su kashe sabon da ke tsirowa, su buɗe wa cuta ƙofa. Ruwan gishiri kaɗai ya isa shiga wurin nan.

Akwai waɗanda ba za su jira ma kwana 3 ɗin ba in abu ya fara sauyawa: mai ciwon suga, mai sikila, mai juna biyu, tsoho, da wanda wata doguwar jinya ta raunana. A jikinsu cuta ta fi gudu, wani lokaci ma ba tare da zazzaɓi mai yawa ba. Tunda da yawa suna yawo da suga ba su sani ba, duk babban da kumburinsa ya ƙi sauka a gwada sugansa, ɗigon jini ɗaya ne a yatsa. Wanda aka cire wa a kasuwa ko wajen wanzami yana da ƙarin abin dubawa. Babu hoto, don haka ba a san ko saiwa ta karye ba. Ƙarfen da ya shiga bakin wani ya shiga naka ba a tafasa ba yana iya ɗauko ciwon hanta ko HIV, raunin kuma na iya zama mashigar tetanos. Kada kunya ta sa a ɓoye wa ma'aikacin lafiya inda aka cire, sanin hakan yana sauya abin da zai nema.

Magidanta, wannan taku ce. Mace na iya kwana 2 da kumburi a cikin lulluɓi tana jiran maigida ya dawo daga ci-rani ko kasuwa kafin ta fita. Wanda zai yi tafiya ya bar izini da kuɗin mota, ya kuma faɗa wa ƙaninsa ko maƙwabcinsa. Juna biyu ba ya hana a duba haƙori ko a ba da maganin da ya dace, barin cutar ne ke cutar da uwa da abin da ke cikinta.

Ciwon busasshen rami, ko ɗan kumburi da mugunya ba tare da matsalar haɗiya ba, wurin da aka cire haƙorin ko sashen haƙori na babban asibiti mafi kusa ya isa. Kumburin da ya shafi haɗiya, numfashi ko ido kuwa, ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ba shi da kayan aikinsa, mu da muke ciki mun fi kowa sani. A nufi babban asibiti kai tsaye, ko na Haɗejiya ne, ko Gumel, Kazaure, Ringim, Wudil, Bichi ko Rano, su fara abin da za su iya su tura gaba. A Jigawa akwai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. A Kano akwai Asibitin Murtala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano mai sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Da an isa a wuce sashen gaggawa, a fara da cewa, "An cire masa haƙori, yanzu ba ya iya haɗiya," kada a bi layin kati a zauna shiru.

A hanya a bar shi a zaune yadda ya fi jin daɗin numfashi, ko da ya sunkuyo gaba ne. Kada a shimfiɗe shi a bayan mota don tausayi, kwanciyar ce ke mayar da harshe baya. Kada a matsa masa da kunu ko ruwa in ba ya iya haɗiya, zai iya shaƙewa, kuma wataƙila a shiga da shi tiyata. A tafi da duk ledar magungunan da ya sha, har kwalayen da suka ƙare, a kuma samu mutum ɗaya da zai iya faɗar ranar da aka cire haƙorin da ranar da kumburin ya sauko wuya.